Ranar da Na Goge Wani Tsoho Daga Rajista

A wancan lokacin, in ka shigo Dutse ka ce a nuna maka mutumin da ya fi kowa sanin manoman tsakiyar Jigawa, ko akuyar bakin titi ka tambaya, ni za ta nuna maka da ƙaho. Shekara goma sha ɗaya ina riƙe da rajistar ƙungiyarmu ta manoma. Na san mai shuka gero, na san wanda ya koma riɗi, na san wanda gonarsa ta fi bakinsa girma da wanda bakinsa ya fi gonarsa. Nakan ce wa mutane, da kwamfutar ofishinmu za ta kama da wuta yau, a ba ni shayi kofi biyu da burodi, kafin la'asar na zubo rajistar nan kaf daga kaina. Matata kan ce, mutumin da ke neman hularsa alhali tana kansa shi ne mai wannan magana. Ban taɓa kula ta ba. Hula daban, rajista daban.

Ƙungiyar tamu ba wata babbar ma'aikata ba ce. Ɗakuna uku ne da sito, tafiyar 'yan mintoci a babur daga gidana da ke Limawa. Babban aikinmu a shekara shi ne iri. Kafin damina mukan samo ingantaccen irin gero da dawa da riɗi, mu raba wa 'yan ƙungiya. Wanda sunansa ke cikin rajista ya samu, wanda babu sunansa sai dai ya yi kallo. Akwai kuma wata doka da na tarar: sabon shiga ba ya karɓar iri sai ya yi damina ɗaya a cikin ƙungiya. An kafa ta ne saboda masu bayyana ranar rabo su ɓace washegari.

Da farko rajistar wani ƙaton littafi ce mai baƙin bango, wanda in ya faɗo maka a ƙafa sai an kai ka wurin mai ɗori. Da aka kawo kwamfuta, ni na zauna na kwashe shi layi-layi da yatsuna biyu. Tun daga nan ta zama mini kamar gonar gado. Ni ke sa suna, ni ke gyarawa, ni ke cirewa. Mai neman lambar wayar manomi wurina yake zuwa. Kujerata ma ta fi ta kowa laushi, domin na shaida wa ofis cewa rajista ba ta son a zauna mata a kan katako.

Ana nan sai aka kawo mana sabuwar shugabar sashen manoma, wata Hajiya da ta daɗe tana aiki a Kafin Hausa. Ba ta da hayaniya. Tabarau ne da ita da wata murya ƙasa-ƙasa, sai ka matso kafin ka ji an kashe ka. A makonta na farko ta tsaya a gefen teburina tana kallon kwamfuta.

"Malam, rajistar nan ta wa ce?"

"Tawa ce mana, Hajiya. Ni na haife ta, ni na yi mata wanka."

"In aka sami kuskure a cikinta, wa za a kama?"

"Kuskure ba ya shiga nan. In ya hango ni juyawa yake."

"In ya shiga fa?"

"Sai a kama wanda ya kawo mini takardar."

Ta gyara tabarau. "To ashe ba taka ba ce."

Ta wuce ta bar ni da baki buɗe, har ƙuda ya leƙa ya fasa.

Bayan kwana biyu ta tara mu, ta miƙa wa kowa takarda guda, shafi ɗaya tak. Ta ce daga yau ita ce mai rajistar. Ita za ta ce wane ya shiga, wane ya fita, wane ya gani, kuma in an yi ɓarna ita za ta tsaya gaban manoma ta amsa, ba za ta nuna kowa da yatsa ba. Jami'an yanki, wato masu hawa babur suna zaga ƙauyuka, su ne za su riƙa tabbatar da cewa abin da ke rubuce shi ne a ƙasa, domin su suka san gonakin da idonsu. Sai Malam mai kula da kwamfutocinmu, wani Bahaɗeje mai furfura a gemu, wanda muka daɗe muna tsokanar juna. Shi aka ba makulli da ajiya. Zai riƙa ɗaukar kwafin rajistar duk ranar Alhamis ya adana, shi zai ba kowa lambar sirrinsa, amma ba ruwansa da abin da ke ciki, ko harafi ba zai taɓa ba sai da sa hannun Hajiya.

Na bi takardar da yatsa ina neman kaina. Can ƙasa na same ni. Mai shigar da bayanai. In shigar da abin da aka tabbatar. In na ga wani abu bai yi mini ba, in sa masa alama in tura wa jami'in yankin. Ba cirewa.

Na ce, "Hajiya, wato shekara goma sha ɗaya ina sarki, yau an mai da ni yatsu."

Ta ce, "Yatsu masu kyau, Malam. Ba kowa ke da su ba."

Bahaɗejen ya ƙyalƙyale da dariya har da buga tebur. Na ce masa ya yi a hankali kada ƙayar kifin jiya ta tsaya masa a wuya. Ya ce in bari ya gama dariyar, ranar Litinin zai gyara makullan, daga nan ko waƙafi na so cirewa sai na yi sallama.

Ranar Litinin. Wannan kalmar ce ta shiga kunnena ta yi zaune. Ranar Alhamis aka yi taron, da yamma ya ɗauki kwafinsa na farko ya tafi gida. Ranar Juma'a da safe na shigo ofis da niyyar in nuna musu abin da za su rasa. Na ce kafin a ɗaure mini hannu, bari in share rajistar nan fes, in Hajiya ta gani ta san wanda ta mayar yatsu.

Na ɗauki yanki ɗaya na jera sunayensa bisa haruffa, na fara neman waɗanda aka rubuta sau biyu. Akwai su kuwa. Wani ya yi rajista, ya manta, ya sake yi. In na ga suna ɗaya, suna na biyu ɗaya, ƙauye ɗaya, ranar haihuwa ɗaya, lambar waya ɗaya, me ya rage? Sai in danna, ɗaya ya tafi. Kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa. Kafin a yi kiran sallar Juma'a na tsince guda tara. Na tafi masallaci ina tafiyar wanda ya ci yaƙi, har mai rake na yi wa kyautar murmushi.

Litinin Bahaɗejen ya gyara makullansa kamar yadda ya ce. A ranar aka buga jerin masu karɓar iri, jami'an yanki suka kai ƙauyuka aka liƙa a ƙofar masu unguwanni. An sa rabo ranar Asabar. Ranar Alhamis da azahar za a miƙa wa mai sito jerin ƙarshe, shi kuma da shi yake auna iri ya ɗaure, kowa da ƙullinsa. Bayan nan ko hakimi ya zo babu ƙari. Gabas kuwa ta fara baƙi da yamma, kowa na ɗaga kai yana duba hadari.

Talata da hantsi ina shan shayi, sai ga wasu tsofaffi biyu sun yi sallama. Ɗaya dogo siriri, sai da ya sunkuya kafin ya shigo. Ɗayan gajere mai faɗi, da sanda a hannu wadda na lura ba don tafiya yake riƙe ta ba, don nuni ne. Daga wani ƙauye suke a yankin Miga, sun biyo motar safe.

Dogon ya ce, "Ɗana, kai ne mai rubutu?"

"Ni ne rajistar baki ɗaya, Baba. Ku zauna."

"To rajista, mu biyu ne, an mai da mu ɗaya."

Gajeren ya nuna shi da sanda. "Ni dai na ga sunana a takarda. Shi ne bai ga nasa ba."

"Sunan da ka gani nawa ne!"

"Da naka ne da ya fi haka tsawo."

Na ajiye kofin shayi. Na tambaye su sunayensu, suka faɗa tare, suna ɗaya. Na tambayi na biyu, suka faɗa tare, sunan ƙauyensu.

Da na bi su a hankali labarin ya fito. Iyayensu maza wa da ƙani ne. A damina ɗaya aka haife su, kowane gida aka sa wa jariri sunan kakansu. A ƙauye ba wanda ke ruɗewa, domin ba wanda ke kiransu da sunan yanka, kowa da laƙabinsa. Ranar da suka zo rajista aka tambaye su suna na biyu, kowa ya ba da sunan garinsu, kamar yadda rabin mutanenmu ke yi. Aka tambaye su ranar haihuwa, suka ce shekarar da ruwa ya ci kasuwa. Mai rubutun ya ga babu gurbin ruwa ya ci kasuwa a takarda, sai ya rubuta musu ɗaya ga Janairu, ya ƙiyasta shekara. Haka yake yi wa duk wanda bai san ranarsa ba. Wannan mai rubutun ni ne. In ka bi rajistata ta wancan lokacin, za ka rantse matan Jigawa ba sa haihuwa sai ranar ɗaya ga Janairu.

"Lambar wayar fa, Baba? Ita ma ɗaya ce."

"Ta mai shayin bakin masallaci ce. Duk layinmu da ita muke amfani. In an kira, ya aiko a faɗa mana."

Na juya ga kwamfuta na nemo sunan. Layi ɗaya ya rage. Sai na yi abin da ban yi ba ranar Juma'a, na ja shafin zuwa dama, can ƙarshe inda fuskar kwamfutar ba ta kaiwa sai ka ja. Akwai wani ɗan gurbi da jami'an yanki kan rubuta ƙarin bayani, wanda ni nake ɗauka wurin surutunsu ne. An rubuta: na gindin tsamiya.

"Wane ne na gindin tsamiya a cikinku?"

Gajeren ya buga sanda a ƙasa. "Ni ne! Ka ji ko? Na faɗa maka tun a mota, ofis ma ya san ni ne na gaske."

Dogon ya gyara zama. Ya cire hula ya ɗora a gwiwa, ya dube ni. Ya ce gonarsa a bakin fadama take. In damina ta yi nisa ruwa kan kwanta a cikinta, saboda haka geron gargajiya ba ya kai masa, kafin ya nuna ruwa ya cinye. Irin da muke bayarwa mai saurin nuna shi kaɗai ke fita kafin ruwan ya hau. Bara bai ajiye iri ba, domin ya san sunansa na nan tun zamanin baƙin littafi. Ya ce, "Ɗana, in ban samu ranar Asabar ba, bana sai dai in zauna in ga ciyawa ta yi girma."

Gajeren ma ya kwantar da sandarsa.

Na ce musu kada su damu, abin minti ɗaya ne. Na sa yatsu zan sake rubuta sunan a ɓoye, ba wanda ya ji ba wanda ya gani. Kwamfuta ta ce a'a, sabon suna sai mai rajista ta amince. Ni da na haife ta! Ina cikin jin haushi sai wani abu ya faɗo mini wanda ya fi haushin nauyi. Ko da ta bar ni na rubuta, sabuwar lamba zai samu, ya zama sabon shiga, sabon shiga kuwa sai ya jira damina ɗaya. Ba sabon suna tsohon nan ke buƙata ba. Tsohon layinsa yake buƙata, da lambarsa da shekarunsa. Layin kuwa wuri ɗaya ya rage a duniya, cikin kwafin da Bahaɗejen ya ɗauka ranar Alhamis.

Na sa aka kawo wa tsofaffin ruwa, na lallaɓa ɗakinsa.

"Malam, ran sarkin ruwa ya daɗe."

Ya ɗago. "Yau kuma ni ne sarkin ruwa? Me ka fasa?"

Na faɗa masa ƙasa-ƙasa. Ya saurara yana shafa gemu, ya ce layin na nan lafiya lau, dawo da shi ba zai kai atishawa ba.

"To yi atishawar mana."

"Kawo sa hannun Hajiya."

"Haba Malam, tsakanina da kai? Zan sayo maka kifi, busasshe, irin wanda kuke yi wa kirari."

"Ko kogin ka ɗauko ka kawo mini. Ajiya aka ba ni, ba a ba ni hukunci ba. In na dawo da wannan don kai abokina ne, gobe wani abokin ya zo in cire masa wani. Tashi ka je, ba ta cizo."

Tafiyar da ke tsakanin ɗakinsa da na Hajiya taku goma ce, amma na rantse ranar ta fi Dutse zuwa Kano. Na shiga na fara da gaisuwa, na gaida ta da aiki, na gaida ta da zafi, na tambayi mutanen Kafin Hausa ɗaya bayan ɗaya. Ta bar ni na gama, ta ce, "Malam, me ya faru?"

Na faɗa. Ba ta ɗaga murya ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan.

"Nawa ka goge?"

"Ɗan kaɗan ne."

"Nawa?"

"Tara."

Ta cire tabarau ta goge da gefen mayafi. Ta fita da kanta ta durƙusa ta gaida tsofaffin, ta ce musu kuskuren daga ofishinta ne, kuma ita ce za ta gyara. Ba ta ambaci sunana ba, ko kallon inda nake ba ta yi ba. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Ta sa aka raka su tasha, ta dawo ta ce mini ba za ta sa hannu ba sai jami'in yankin Miga ya tabbatar a rubuce.

Na ce, "Hajiya, ga su nan kin gan su da idonki. Biyu ne. Ɗaya ma ya kai biyu shi kaɗai."

"Na ga mutum biyu, Malam. Ban ga gona biyu ba. Kuma ba su kaɗai ba ne. Sauran takwas ɗin fa? Mai yiwuwa akwai wanda ba shi da kuɗin mota, ko bai iya karanta takardar da aka liƙa ba. Gobe jami'in zai bi su duka. Kai za ka raka shi, tunda kai ka san waɗanda ka tsince."

Ikon Allah, duka taran a yankin Miga da kewaye suke, domin da yankin na fara, ban gama shi ba sallah ta tashe ni. Da ban je masallaci ba da na share rabin jihar.

Laraba da sassafe na hau bayan babur ɗin jami'in. Mutum ne mai shekaru kamar nawa, amma rana ta busar da shi, ni kuwa kujera mai laushi ta yi mini aikinta. Da na zauna, babur ɗin ya yi wani nishi da ban taɓa jin ƙarfe ya yi ba. Muka bar kwalta muka shiga yashi. Sau uku ina sauka in tura. A wani wuri na tabbata hanjina ya canza mazauni, har yau bai koma daidai ba. Jami'in kuwa yana tuƙi yana gaisawa da mutane, wannan ya kira shi da laƙabi, wancan ya tambaye shi jikin saniyarsa. Ni da na ce na san manoman tsakiyar Jigawa, babu fuska ɗaya da na gane. Sunayensu na sani, kamar wanda ya haddace sunayen miya bai taɓa lasa ba.

A ƙauyen tsofaffin muka fara da mai shayin bakin masallaci. Ya zuba mana shayi mai kauri, na nuna masa lambar wayarsa a takardata har wuri shida. Ya yi dariya ya ce ai an rage, mutum goma sha biyu ne ke amsa kira a wayar nan, har da wata tsohuwa da in an kira ta sai ya kai mata wayar har ɗaki, ta riƙe ta a juye.

Daga nan aka kai mu gonakin. Ta gajeren na kan tudu, ga ƙatuwar tsamiya a tsakiya. Ta dogon sai da muka gangara, ƙasar ta koma baƙa, ga alamar inda ruwan bara ya kwanta a jikin kututture. Ya riga ya share ta tas, ya tara kara gefe guda, ya watsa taki. Gona ce da ta gama shiri, iri kawai take jira. Na tsaya ina kallonta. Ranar Juma'a da na danna, ban ga wannan ba. Layi na gani a cikin layuka.

Muka bi sauran har la'asar. Bakwai daga cikin taran da gaske maimaici ne, mutum ɗaya aka rubuta sau biyu. Wannan ina so a rubuta shi da manyan haruffa, domin ba a cika ambatarsa ba in ana ba da labarin nan a ofis. Amma ta taran wata mata ce mai noman riɗi a wani ƙauye gaba, sunanta ɗaya da na ƙanwar mijinta, su ma wayar gida ɗaya. Ba ta ma san an cire ta ba. Da sai ranar Asabar ta zo da buhunta ta koma da shi a ninke. Jami'in ya rubuta komai, masu unguwanni suka dangwala yatsa, muka juyo. A hanya aka yi yayyafi, ƙamshin ƙasa ya tashi, jami'in ya ƙara wuta, ni kuma na ƙara riƙe shi kamar ɗan'uwan da ya dawo daga Makka.

Alhamis da hantsi Hajiya ta karanta takardar jami'in tun daga sama har ƙasa, ta kira shi ta yi masa tambaya biyu, ta sa hannu. Na kai wa Bahaɗejen da hannu biyu. Ya duba sa hannun, ya danna wani abu, ya ce, "Shi ke nan."

"Har ka gama?"

"Na ce maka atishawa ce. Kifina fa?"

Layuka biyu suka dawo da tsofaffin lambobinsu, kamar ba su taɓa zuwa ko'ina ba. Bakwai ɗin kuma Hajiya ta ba da izini aka cire su bisa ƙa'ida, aka rubuta dalili a gefen kowanne. Kafin a kira azahar jerin ya isa hannun mai sito.

Ina jiran takardar gargaɗi, ba ta zo ba. Abin da Hajiya ta yi shi ne ta tambaye ni me za a gyara don kada a sake. Na ce a ɗauko gurbin laƙabin nan daga can ƙarshe a kawo shi jikin suna, kuma wanda bai san ranar haihuwarsa ba a rubuta ba a sani ba, a daina ɗora wa Janairu abin da bai haifa ba. Ta ce shawara ce mai kyau, ta sa aka yi. Wannan ma a rubuta shi.

Gaskiyar da ban so faɗa ba a lokacin ita ce, tun da aka mai da ni yatsu na fi samun barci. Da, in mai sayar da taki ko wani mai neman ƙuri'a ya zo yana son lambobin manoma, sai in yi ta murɗe-murɗe, in na hana a ce na yi girman kai, in na bayar zuciyata ta ƙi kwanciya. Yanzu sai in nuna ƙofar Hajiya da haɓa in ci gaba da shan shayina. In na ga suna biyu sun yi kama, in sa alama, jami'i ya hau babur, ni ina kan kujerata mai laushi. Ita dai ba a karɓe ta ba.

Ranar Asabar ɗin kuwa harabar ofis ta cika tun da safe. An kwana ana ruwa a wasu garuruwan, kowa na sauri ya karɓa ya koma. Na sa babbar rigata mai aiki na tsaya kusa da ƙofar sito, ba don an sa ni ba, don dai a san ana tare da manya. Aka kira sunan nan sau biyu a jere, na gindin tsamiya, na bakin fadama. Gajeren ya karɓa yana cewa ai shi aka fara kira. Dogon ya karɓi ƙullinsa, ya kwance bakin ya zuba 'yan ƙwayoyi a tafin hannu ya duba, ya mayar ya ɗaure, ya rungume shi a ƙirji.

Na matsa kusa, na ɗaga murya yadda na baya za su ji.

"Baba, ka ga aikina ko? Har gonarka na je da ƙafata. Ni na dawo da kai. Nan gaba duk abin da ya taso game da rajista, ni za ka nema."

Ya dube ni daga can sama inda kansa yake. "Allah ya yi maka albarka, ɗana. Amma jami'in nan ya zaunar da mu ya yi mana bayani. Ya ce Hajiya ce mai rajistar, shi ne mai zuwa ya duba, Malamin nan mai furfura shi ke riƙe da makulli."

"Ni fa, Baba? Me ya ce a kaina?"

Ya gyara riƙon ƙullin irinsa.

"Kai kuma ya ce mu kwantar da hankalinmu, an riga an ƙwace maka abin gogewar."